Abin da muke kallo da karantawa a gidanmu

Tunda tsadar rayuwa ta sa muka daina biyan kuɗin tashoshin tauraron ɗan adam, yammacin gidanmu ya canza, kuma ina gode wa Ubangiji.

Wata 'yar'uwa a zumuntar mata ce ta tura min fim ɗin Yesu na Hausa, waya zuwa waya, ko sisi ban kashe ba. Fim ne na 1979 da aka ɗauko daga Bisharar Luka, ya tsufa, amma ku zo ku ga autana in an kai wurin da Zakka ya hau itace. Sai an maimaita mata! Daga nan yayanta ya buɗe Luka sura 19 ya karanta mana, tana gyara masa.

Littattafai kuwa gwanjo nake saye, ko mu yi musaya bayan sujada. Abu ɗaya ne ba na sassauci a kai: duk fim ɗin da aka ce na Kirista ne, sai na fara kallonsa ni kaɗai. Wasu tsoron mayu kawai suke cusa wa yara.

Iyaye mata, mai littattafan da yaranta suka girme su ta kawo ranar Lahadi.