Baƙar ƙasar da muke kwashewa a Marwa

Aikina awon ƙasa ne kafin a zuba harsashin gini a sababbin unguwannin Marwa, a arewacin Kamaru. Tambayar injiniya ɗaya ce: za ta ɗauki nauyi? Baƙar ƙasar sama ba ta da daraja a wurinsa. In kuma karal ce, irin wadda ake dasa masakwa a cikinta, ta kumbura da damina, ta tsattsage da rani, har ta fasa bango. Sai a kwashe ta, tifa ta kawo jar ƙasa a yi ciko, a daddaɓe.

Ɗakin gwaji ne ya nuna mini abin da muke zubarwa. Baƙin nan ruɓaɓɓen ganye ne da saiwa da kashin dabbobi na shekara da shekaru, kuma fiye da rabin nauyin wannan ruɓi kabon ne, sinadarin da in ya fita cikin iska yake ƙara ɗumamar duniya. Ya fi taruwa a santimita 30 na sama, daidai inda shebur ke fara ci. Kabon da ke kwance a ƙasa ya fi na iska da na tsirrai a haɗe, shi ya sa aka ƙaddamar da shirin "4 cikin 1000", na ƙara yawan kabon a cikin ƙasa, a taron sauyin yanayi na Paris a 2015. Da zarar an tono ƙasa an jibge, iska ta ratsa ta, ruwan farko ya jiƙa ta, ƙananan halittu sun samu abinci, kabon ya koma sama. Ba a ɗora bulo ko ɗaya ba, an riga an yi asarar.

Ƙarƙashin ɗaki dai dole ne a kwashe ta. Tsakar gida ce ke ba ni haushi, yadda ake malale ta da siminti daga bango zuwa bango don a ce gida ya yi tsaf. Ganye ya daina faɗa wa ƙasa, ruwa ya daina shiga. Tsofaffin gidaje masu darbejiya da turken awaki, waɗanda ake raina wa wayewa, samfurin ƙasarsu ya fi duhu nesa ba kusa ba.

Na daina yi wa masu gida zancen kabon, ba ya shiga. Cewa nake yi, "Alhaji, simintin nan zai dafa iyalinka a watan Afirilu, kuma ruwan Agusta ɗakunanka zai nufa." Nan suke saurara. Sai in roƙi a tara baƙar ƙasar a gefe, a rufe ta da ciyawa, in an gama gini a mayar da ita gindin itace da bayan ɗaki. Leburori kan nemi ƙarin kuɗi, kuma da gaskiyarsu, ɗauka biyu ce.