Abin da Hawan Kibo ya koya min a kan tsohon babur ɗin Baba

Ƙannena masu son tsofaffin babura, musamman ku da kuka fara jawo na iyayenku daga bayan ɗaki kuna wankewa kuna masa fenti, ku matso in ba ku labarin wautar da na tafka, don ni sai da na bar fatar gwiwata a kan kwalta sannan na gane ban iya shan kwana ba.

Babur ɗin Honda CD175 ne na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mai silinda biyu da giya huɗu, irin wanda aka daina ƙerawa tun ƙarshen shekarun 1970. Birkinsa gaba da baya duk na kwano ne mai birek shu a ciki, ba diski ba ABS (na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki) ba komai. Na shekara biyu ina yawo da shi a cikin gari a miƙaƙƙen titi, kowa na ɗaga min hannu, kaina ya kumbura na ɗauka ni ne sarkin mahaya.

Ranar da abin ya faru na taso daga Jos zan gangara Akwanga. Duk wanda ya san Hawan Kibo ya san gangara ce mai tsawo, kwana na bin kwana, ga manyan motoci suna saukowa birkinsu na ƙauri. Ni kuma don rowar fetur sai na sa babur a firi, wai ai gangara ce me zai sa in ƙona mai, na ɗora ƙafa a kan birkin baya ina ta murza shi tun daga sama, na gaba kuwa ko taɓa shi ban yi ba saboda tun muna yara ake ce mana birkin gaba yana kayar da mutum. To birkin kwano idan ya yi zafi laushi yake yi, kana takawa yana nitsewa amma ba ya kamawa, ni kuwa ban gane haka ba sai a bakin wata kwana ta hagu da na shiga da gudun da ya fi ƙarfina. Daga nan idona ya kafe a kan kwalbatin da ke gefe, ina ce wa kaina kar ka faɗa can, kar ka faɗa can, wallahi kamar da igiya aka ja ni, can ɗin na nufa tiryan-tiryan.

Allah ya taƙaita, akwai hular kwano a kaina. Gwiwa ta sale, tanki ya lotse, madubi ya tafi.

Wani dattijon bakanike da na kai wa gyara, ya saurari labarin har ƙarshe sannan ya ce min, yaro, wannan babur ɗin ya girme ka, ba a yi masa gardama a tsakiyar kwana, duk abin da za ka gaya masa ka gaya masa tun kafin ku shiga. Maganar nan na daɗe ina juya ta. Sabon babur mai faɗin taya da birkin diski zai iya rufa maka asiri idan ka yi kuskure, tsoho kuwa tayarsa siririya ce, shokazoba ya gaji, firam ɗin ma yana ɗan lanƙwasa, shi ya sa rage gudu da sauya giya duk sai ka gama su babur yana tsaye cak a miƙe. Ka sauko zuwa giya ta biyu ko ta uku, inji ya riƙe maka gudun, ka matse birki biyun tare a hankali, na gaban shi ne ma mai aikin gaske don nauyi gaba yake komawa idan ana tsayawa. Sai ka saki, ka kwantar da babur, ka riƙe totur kaɗan kawai yadda sarƙa ba za ta saki jiki ba, idan ka hango mafita ka ƙara wuta sannu sannu. Kama kuloci a tsakiyar kwana shi ma firi ne da wani suna, ku daina. Wanda nasa mai tustirok ne kuma, irin tsofaffin Yamaha da Suzuki masu hayaƙi, ya sani injinsa ba ya riƙe gudu a gangara kamar namu, sai ya fara rage gudu tun da wuri.

Amma abin da ya fi ba ni wuya shi ne ido. Inda ka kalla nan za ka je, ba tsafi ba ne, hannunka ne yake bin idonka ba tare da ya yi shawara da kai ba. Sai da na koyi juya kai gaba ɗaya, haɓa ta nuna inda kwanar za ta ƙare, rami ko dutse kuma in gan shi da gefen ido kawai in kalli hanyar da ke kusa da shi. Faɗa da baki sauƙi gare shi, ranar da tsoro ya kama ka ne za ka san aiki ne. Sannan wani abu da na shekara ina yi ban san ina yi ba: idan babur na gudu, ba murɗa kai ake yi zuwa inda za a je ba, hannun ɓangaren ake turawa gaba kaɗan. Ka tura hannun dama, babur ya kwanta dama. Da farko na yi musu, na ce ai wannan baibai ne, sai da na gwada a wani fili da ba kowa na ga gaskiya ne. Da na san wannan a ranar can, da na ƙara tura hannun hagu maimakon in sandare.

Kar ku yi saurin faɗawa cikin kwana. Ku ɗan daɗe a gefen waje na hannunku har sai kun ga abin da ke bayan dutsen, don tirela idan za ta sha kwana sai ta ci rabin hannunka, kuma a kwanar hagu tayarka na iya zama a hannunka amma kanka ya leƙa na masu zuwa. Ga baƙin mai da gas da manyan motoci ke zubarwa daidai inda suka karkata, ga tsakuwar da ruwan sama ke wankowa.

Tayar da na faɗi da ita kuwa abin kunya ne, zanenta radau amma ta bushe kamar ƙirgi. A jikin taya akwai lamba huɗu ta ƙarshe, biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2312 na nufin sati na 23 a 2012. Ku duba taku yau. Ku sa a duba boris ɗin wuya da bushin ɗin baya da sifok, don su ne ke sa babur rawa a kwana. Kuma jak ɗin tsakiya da matakin ƙafa na irin waɗannan babura saurin taɓa ƙasa suke, gara kai ka ɗan karkata jikinka ciki, babur ɗin ya rage kwanciya.

Bayan shekara guda na hau Mambila da shi, daga Mayo Selbe zuwa Nguroje har Gembu. Can sama iska ba ta da kauri, kafireto na ba da mai fiye da kima, sai na ji babur ya yi sanyi yana tari a hawa, ga hazo ga shanu suna tsallaka hanya sun bar kashinsu a daidai inda taya za ta bi. A dawowa kusan duk gangarar a giya biyu na yi ta, na tsaya sau biyu kwanon birki ya huce, 'yan acaɓan can ɗauke da buhuna suna wuce ni suna min dariya, ɗaya ma har ya tsaya ya tambaye ni ko mai ne ya ƙare.