Jinjirin Wata Uku A Jikin Takarda

Da asuba na bar Kano, na bi ta Funtuwa da Gusau, ban shiga Sakkwato ba sai bayan La'asar. Washegari na nufi Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Na daɗe ina karanta malaman jihadi a bugun inji, ina so in ga rubuce-rubucensu a takarda da tawada irin ta zamaninsu.

Wani dattijo mai kula da ɗakin ya kwance tadarishi, wato bangon fata, na wani littafi, ya shimfiɗa mini warƙoƙin a hankali. Ba a ɗinke suke ba, kuma babu lambar shafi. A ƙasan kowace warƙa an rubuta kalmar farko ta wadda ke biye mata, don in sun tarwatse a iya jera su. Ya ce, "Ɗana, ɗaga ta sama wajen haske." Da na ɗaga sai ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar. Tambarin masana'antun arewacin Italiya ne. Wato takardar nan ta ƙetare teku, ta ratso Sahara a bayan raƙumi, kafin wani magatakarda ya tsoma alƙalami ya ɗora mata rubutun Magaribi. Na jima ina riƙe da ita, hannuna har rawa yake.

Wasiƙu su suka fi cinye mini lokaci. Gajeru ne: bisimilla, hatimi, gaisuwa, sai maganar da ta kawo. Galibinsu ba su da kwanan wata, sai dai a gane zamaninsu daga sunan sarki ko wazirin da ke ciki. Suna tuna mini musayar wasiƙun Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Borno kan halaccin jihadi, wadda Bello ya adana a littafinsa Infaƙul Maisuri a 1812. Da bai kwafe su ba, da yanzu wa zai san hujjar kowane ɓangare?

Na kuma tambayi waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864 bayan ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ajamin ya ba ni wuya ƙwarai, sai da dattijon ya riƙa karantowa ina bin yatsansa layi-layi har aka kira Azahar.

A hanyar dawowa hankalina ya tafi kan irin waɗannan takardu da ke gafakoki a gidajen malamai, inda gara da damshi ke cin su. Tun a Gusau na kira kawuna, na roƙe shi ya ba ni izinin buɗe akwatin littattafan kakanmu.