Na iso gida, ga godiyata

Salama a gare ku duka cikin sunan Yesu. Na iso. Jiya na kwana a ɗakina a Malumfashi, kuma tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan sai jiya na yi barcin da ban zabura na kasa kunne ba. Saƙonninku sun fi ƙarfin in bi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na haɗa ku a nan. Labarin hanya kun sha shi a bakin maman yara, daga Khartum zuwa Madani, Gadarif, Gallabat, har Gondar ta Habasha, duk kun haddace. Ba zan sake ɗaga shi ba, ƙirjina bai gama hucewa ba.

Shekara shida ina jagorar sujada a ikilisiyar baƙi a Khartum. A Sudan Juma'a da Asabar ne hutu, Lahadi ranar aiki ce, don haka da yamma muke taruwa, mutane da ƙurar aiki a jikinsu. 'Yan Sudan ta Kudu, Habashawa, 'yan Iritiriya, 'yan Kenya, 'yan Koriya kaɗan, da ɗalibanmu na Najeriya. Ina wa'azi da Turanci ana juyawa da Larabci. Allah ya gafarta mini, abin da ke hana ni barci a da shi ne wa zai buga fiyano, da rigimar masu son a taka rawa lokacin baiko da masu ganin rawa a majami'a rashin kunya ce, da mai fassara da ke mayar mini da jimla ɗaya ta zama wa'azi na biyu. Yanzu in na tuna sai dariya ta kama ni.

Ranar Asabar ɗin da sojojin Sudan da abokan gabarsu, dakarun ɗaukin gaggawa na RSF, suka fara yaƙi, mu goma sha ɗaya muna harabar majami'a tun safe, domin kashegari, 16 ga wata, ita ce Istar Habashawa, matansu kuma sun yi alkawarin ciyar da ikilisiya. Miyar kazar bikin nan da injera, wainar Habashawa, su muka yi ta ja a ƙarƙashin matakala har suka ƙare. Sai kashegarin ƙaramar Sallah muka samu motar fita.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne Madani. Tafiyar kusan kilomita 190 ce, muka yi wuni guda a kanta. Muka sauka bayan magariba, tasha cike, ko'ina an shimfiɗa mutane, kuɗinmu ya tafi a kuɗin mota. Ina faɗa wa ɗalibi ɗaya da Hausa cewa ya riƙe jakarsa da kyau, sai wani tsoho ya taɓa mini kafaɗa.

"Ɗana, mutanen ina ne ku?"

Hausarsa irin ta kakanni ce, da Larabci a gefe-gefenta. Kakansa ya taso daga wajen Haɗeja da niyyar Makka a ƙafa, aikin audugar Gezira ya tsayar da shi, zuriya ta zauna. Da ya ce mu bi shi gida, sai na ja shi gefe, don kada ya ji daga baya ya ce an ɓoye masa. Na ce, "Baba, mu Kirista ne, ni kuwa fasto ne." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, fasto ba ya jin ƙishirwa ne?"

Ya roƙe ni kada in faɗi sunansa. Zan yi masa rabin biyayya: a unguwa Baba mai gawayi ake ce masa, Allah kuma ya san sauran.

Gari ya waye Lahadi, 23 ga wata. Na yi ta kai da kawo kafin in iya buɗe baki in tambaye shi ko za mu ɗan yi addu'a a zaure, a hankali, ba waƙa. Bai amsa ba. Ya kira jikokinsa suka share zauren, aka shimfiɗa tabarmi, shi kuma ya ɗauki buzunsa da carbi ya zauna a bakin ƙofa daga waje. Duk maƙwabcin da ya leƙo sai in ji ya ce, "Baƙina ne." Sharaɗinsa ɗaya, in aka kira azahar mu saurara.

Babu fiyano, babu takardar tsarin sujada, mai fassarata yana can Omdurman ban san halin da yake ciki ba. Na buɗe Zabura ta 46, na kai aya ta biyu muryata ta ƙi. Wata 'yar Sudan ta Kudu da ba ta taɓa yarda ta tsaya gaban ikilisiya ba ta karɓi littafin ta ƙarasa. Uwargidan Baba ta aiko da kisira, wainar dawarsu mai faɗi, da jug na zoɓo, karin kumallo kawai ta nufa. Da su muka yi Jibin Ubangiji, kofin silba ɗaya yana zagayawa. Dattawa, in na yi kuskure a nan, ga ni, ku kira ni ku tsawata. Da muka fito Baba ya ce, "Har kun gama? Ai na ɗauka ku masu daɗewa ne."

Ubangiji ya sāka wa gidan nan. Ya tsare rufinsa daga harsashi, ya sa rumbunsa kada ya ga ƙasa, ya raya jikokin nan da suka yi shara, ya sa in sun fita baƙunci su tarar da ƙofa a buɗe. Ya sāka wa direban da ya ɗauki mai juna biyunmu a gaba bai ƙara ko fam ɗaya ba. Ya sāka wa zumuntar mata da suka yi kwana uku suna azumi, da matasan da suka harhaɗa kuɗin jirgi daga Addis Ababa, da limamin unguwarmu da ya zo wa maman yara da kwanon gero da kansa. Maman yara, ke kam ban san ta inda zan fara ba. Ya Allah ka kashe wutar Sudan, ka ji kukan waɗanda ba su da fasfo balle wata ƙasar gudu. Amin.

Akwai na jini da har yau wayarsu ba ta shigo ba, na kuma ji wanda ya ce wa ya aike ni. Ba komai, wataƙila kati ne ya yi tsada.

Mutum bakwai na ikilisiya har yanzu ba mu ji ɗuriyarsu ba, har da mai fassara. Ku riƙe su a addu'a. Wayar Baba ma kwana huɗu ba ta shiga. Mai ɗan'uwa a Madani ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Masu son zuwa gaisuwa kuma, don Allah ku bari sai bayan Laraba.