Yadda na haɗa abokan wasan labari a Kano

Akwai wani wasa da nake matuƙar so, kuma kusan duk wanda na yi wa bayaninsa a Kano tambayarsa ta farko ita ce: to wa ke cinyewa? Babu mai cinyewa. Mutum huɗu ne ko biyar ke zama a kewaye da tebur, ko a kan tabarma yadda mu muke yi, kowa ya ɗauki mutum ɗaya daga cikin labari ya zama shi ne bakinsa. Ɗaya daga cikinsu kuma ya riƙe sauran duniyar, shi ne mai jan labari. Shi zai ce ga inda kuke, ga abin da idonku ke gani, ga wanda ya tare muku hanya, sannan ya tambaya: me za ku yi? Amsar da suka ba shi ita ke tura labarin gaba. In abin da mutum ya ce zai yi mai haɗari ne, ba a san yadda zai kaya ba, sai a jefa ƙwayar ludo ta raba gardama. Kamar tatsuniya ce wadda masu sauraro ba sa tsayawa a kan "ta zo mu ji ta", kowa na da baki a ciki har ƙarshe.

A Amurka aka fara shi da wannan siffa. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wanda har gobe shi ne ya fi shahara. Ya samo asali ne daga wasannin yaƙi da ake yi da 'yan ƙananan mutum-mutumin sojoji a kan tebur, shi ya sa dokokinsa suka fi ƙarfi a wajen faɗa: wa ya sari wa, jini nawa ya rage, takobi ko mashi. Ni ba wannan ɓangaren ne ya ja ni ba. Abin da ya kama ni shi ne wasannin da suka zo daga baya, waɗanda suka rage lissafi suka ba labari fili. Fiasco na Jason Morningstar, wanda ya fito a 2009, ko mai jan labari ba ya buƙata, mutum uku zuwa biyar ne ke gina labarin tare su gama shi a zama ɗaya. Apocalypse World na Vincent Baker ya biyo baya a 2010 da wata dabara mai sauƙi da na riƙe har yau: ƙwayar ludo biyu kawai. In ka samu 10 ko sama, abin da ka nufa ya yiwu. In 7 ne zuwa 9, ya yiwu amma sai ka biya wani abu. In 6 ne ko ƙasa, al'amari ya dagule, mai jan labari ya faɗi yadda ya dagule.

Na koyi wasan ne a Abuja lokacin bautar ƙasa, a hannun wasu 'yan'uwana masu hidima da muka zauna gida ɗaya. A can neman abokan wasa bai yi wuya ba. Akwai kamfanin NIBCARD na Kenechukwu Ogbuagu, masu ƙirƙirar wasannin tebur na gida Najeriya, waɗanda suke shirya taron wasannin tebur na Afirka da ake kira AB Con, kuma a 2021 suka karɓi lambar yabo ta Diana Jones, wadda ake ji da ita a wannan fage a duniya. Yawancin abin da suke yi wasannin allo ne da na kati, amma inda masu son irin waɗannan suka taru ba a rasa wanda ya san wasan labari. Da na dawo gida sai na tarar babu wurin da zan nufa in ce nan ne ake yi.

Na fara da intanet, kamar kowa. Ana iya yin wasan ta dandalolin intanet irin Discord ko Roll20 da mutanen da ke wata nahiya, kuma na yi. Sai dai yawancin zaman da na samu an tsara su ne a kan yammacin Amurka, wato tsakar darenmu, ga data, ga layi da ke yankewa daidai lokacin da aka zo kanka. Ban da wannan ma, da Turanci ake yi, a cikin labaran da duniyarsu ta dusar ƙanƙara ce da gidajen giya. Ina iya bi, amma raha ba ta zuwa mini da sauri a harshen da ba da shi nake yi wa abokaina tsiya ba. Ni so nake in ga fuskar mutum lokacin da na ce masa ɗan'uwansa ne ya sayar da shi.

Daga nan na nemi waɗanda ake kira 'yan gem, masu buga ƙwallon PlayStation a shagunan unguwa. Yara ne masu kaifin kai, sun zo sun zauna, amma abin da suke jira shi ne a nuna musu wanda za su doke. Da suka ga babu, sai hankalinsu ya koma kan waya. Ban ga laifinsu ba, abin da suke nema daban ne.

Waɗanda suka zauna daram ba su taɓa jin sunan wasan ba, kuma ban same su a inda ake wasa ba. Na farko tela ne a layinmu, mutumin da in ya fara ba ka labarin yadda ya yi da wani mai ɗinkin sallah sai ka manta abin da ya kawo ka shagon. Yana kwaikwayon muryar kowa, har tafiyar mutum. Na biyu malamin Hausa ne a wata sakandare, wanda ke shirya wa ɗalibai wasan kwaikwayo. Na uku yaro ne mai rubuta labarai yana sakewa shafi-shafi a WhatsApp, irin marubutan nan na onlayin da suka cika arewa yanzu. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya riga ya iya riƙe mutane da labari, kuma ya iya yin shiru ya ji na wani. Dokokin wasa a zama ɗaya ake koyonsu. Wannan halin kuwa ba a koyar da shi a zama ɗaya, don haka duk mai neman abokan wasa a garinsu, ina ganin majalisar hira da ƙungiyoyin marubuta da na wasan kwaikwayo sun fi cancanta ya fara leƙawa.

Yadda na gayyace su ma ya yi tasiri. Ban ce musu akwai wani wasan Turawa mai littafi shafi ɗari uku ba. Na ce wa telan, "Maigida, ranar Asabar bayan la'asar ka zo gida, akwai shayi, akwai wani labari da nake so ka taya ni ƙarasawa." Ya ce, "Labarin me?" Na ce na fatake ne, kuma shi ne jagaba.

Labarin da na shirya ayari ne da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19, da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin turkuɗi na Kura. Hanyar sananniya ce a tarihi: a haye Kwara, a ratsa ƙasar Borgu, a bi ta Nikki da Yandi har Salaga, wadda ke cikin Ghana ta yau, tafiyar watanni. Ban sha wahalar bayani ba, domin kowa a wurin ya san madugu, ya san zango, ya san goro ba ya son bushewa kuma ba ya son a bar shi ba a juya ba. Malamin ya ɗauki malamin ayari mai rubuta bashi da wasiƙu. Marubucin ya ɗauki ɗan madugu, wanda uban bai yarda da shi ba.

Da suka iso bakin ruwa, masu fito suka ninka kuɗi. Telan ya gyara zama, ya sauya murya, ya ce shi zai je ya yi magana da sarkin fito, zai tuna masa da wani alheri da madugu ya taɓa yi masa. Na miƙa masa ƙwayoyin, ya jefa a cikin faranti, 5 da 3. Na ce masa sarkin fito ya yarda a haye a tsohon farashi, amma ɗayan biyu: ko a bar masa kayan jaki biyu, ko a ɗauki ɗansa a tafi da shi Salaga ba tare da an tambayi dalili ba. Ɗakin ya yi tsit. Marubucin ya ce, "Kada ka yarda, yaron nan gudu yake yi daga wani abu." Malamin ya ce kanwar ba tasu ba ce, amana ce, ba su da ikon bayarwa. Suka yi ta ja-in-ja har shayi ya huce, ni ko uffan ban ce ba. A ƙarshe suka ɗauki yaron. Ni kaina ban san a lokacin abin da ya koro shi ba, sai da na kwana ina tunani. Wannan yaron, wanda ƙwayar ludo ta jefo mana shi, shi ya zama ƙashin bayan labarin gaba ɗaya.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, domin duk wanda zai haɗa irin wannan zama a ƙasar Hausa zai ci karo da ita. Wani abokina da na so ƙwarai ya shigo, da ya ga ƙwayar ludo sai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ni ba na taɓa wannan." Ba wasa yake yi ba, kuma yana da hujja: akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi gargaɗi mai tsanani a kan wasan nardi, kuma malamai da yawa sun haɗa da duk wasan da ake jefa ƙwaya. Mu ba ma sa kuɗi, babu mai ci babu wanda aka ci, amma ban ga dalilin da zan tsaya ina gardama da mutum a kan abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Hukunci na malamai ne. Abin da ke hannuna shi ne in sauya kayan wasa, kuma masu wannan fage sun daɗe da buɗe wannan ƙofar. Tun 1991 aka fitar da Amber, wanda babu jifan ƙwaya a cikinsa sam. Akwai Dread, wanda ake yi da hasumiyar katakon Jenga: duk mai son yin abu mai haɗari sai ya zare katako ɗaya, in hasumiyar ta rushe, mutuminsa ya fita daga labari. Mu abin da muka yi ranar da yake nan shi ne raba ƙwallon dabino, kowa biyar. In kana so abu ya yiwu ba tare da tangarɗa ba, ka ajiye ɗaya a tsakiya. In ka yarda wata masifa ta faɗa wa mutuminka don labari ya yi daɗi, a mayar maka da ɗaya. Abin ya tafi lafiya, har wasu suka fi son haka.

Haka nan batun tsafi da aljanu. Wasannin waje cike suke da bokaye da gumaka. Kafin mu fara kowane sabon labari muna zama mu yi magana a kan abin da kowa ba ya so ya ji. Mu mun cire shirka, mun cire batsa, wani kuma ya roƙi kada a sa garkuwa da mutane, saboda abin da ya taɓa faruwa a danginsu. Ba a tambaye shi ƙarin bayani ba. In ana cikin wasa wani ya ce a wuce nan, sai a wuce.

Abin da ya fi kashe irin wannan zama shi ne lokaci. Mutane manya ne masu iyali da sana'a, ga biki, ga suna, ga ta'aziyya. Muka tsayar da Asabar ɗaya a tsallake ɗaya, daga bayan la'asar, a tashi a yi magariba a masallacin layi, a dawo a ƙarasa kafin isha'i. In mutum uku sun samu zuwa, ana yi, wanda bai zo ba sai a ce mutuminsa ya tsaya gadin kaya a zango. Makonnin kusa da sallah kuwa ba ma ko tayar da maganar, domin telan ba ya ganin gabansa. Labaran ma gajeru nake yi, zama huɗu ko biyar a kai ƙarshe, don kowa ya san abin da ya ɗauka.

Kuɗi ba su taɓa zama matsala ba. Manyan littattafan Dungeons & Dragons guda uku ne, da dala ake saye, ga kuɗin kawowa, ga ƙwayoyinsa na musamman har da mai fuska 20. Amma masu shi sun saki taƙaitattun dokoki kyauta a intanet tun 2014, kuma akwai wasanni irin Lasers & Feelings na John Harper da dokokinsu duka shafi ɗaya ne. Mu kayanmu ƙwayar ludo ce, da fensir, da littafin rubutu na 'yan makaranta, da fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta.

Ƙanwata tana jin mu daga tsakar gida. Wata rana bayan an watse ta ce, "Yaya, ɗan sarkin fiton nan fa ƙarya yake yi muku, ni tun farko na gane." Zama da abokaina maza bai dace da ita ba, don haka na rubuta mata dokar ƙwaya biyu a takarda, na zauna na ja mata labari ita da ƙawayenta biyu sau ɗaya. Yanzu ita ke ja musu nata, labarin gidan wani attajiri da rabon gado, kuma daga abin da nake jiyowa sun fi mu zafin gardama.

Mu a namu ɓangaren mun yi yawa. Mutum bakwai ba sa zama a labari ɗaya, wasu sai su yi rabin sa'a ba a zo kansu ba. Za mu rabu gida biyu bayan wannan labarin ya ƙare, kuma telan ya amince zai ja ɗaya. Ya ce nasa a Kasuwar Kurmi zai faru, a kan wani dillali da aka ba ajiya ya wayi gari babu ita, kuma ya riga ya hana ni tambayar wanda ya ɗauka.