Maudlin, mawkish, schmaltzy: duk kushe ne, amma kowacce da inda take suka

Masu koyon Turanci sukan ɗauki waɗannan kalmomi a matsayin yabo, alhali in fim ya taɓa maka zuciya har ka yi ƙwalla, "moving" ko "touching" ake cewa. Su kuwa waɗannan kalmomi duk na tausayi ko soyayyar da aka cika wa gishiri ne.

"Maudlin" mutum ta fi kamawa. Asalinta sunan Maryamu Magadaliya ne, ɗaya daga cikin mabiyan Yesu (Annabi Isa), wadda masu zanen coci a Turai suka saba zana ta tana kuka. Haka mutanen Ingila na da ke furta sunan, shi ya sa har yau Kwalejin Magdalen ta Jami'ar Oxford "Modlin" ake kiranta. Ana jifan wanda ya zauna yana kukan tausayin kansa da ita, galibi bayan ya yi tatil da giya. Kada ka kuskura ka faɗa wa mai makoki na gaskiya. Uwar da ta rasa ɗa ka ce mata "maudlin", ai cin mutunci ne.

"Mawkish" kuwa daga tsohuwar kalma "mawk" ta fito, wato tsutsa, kuma da farko abin da ke tada zuciya take nufi. Yanzu waƙa, labari ko jawabi ake yi wa ita, irin wanda ke matsa maka sai ka yi hawaye amma babu abin da ya kai zuci. A ganina ta fi sauran zafi.

Sai 'yan gidan zaƙi. "Saccharine", daga kalmar sukari ta Latin, tana zargin ƙarya, don haka ta dace da murmushin yaƙe da daɗin baki. "Cloying" ba ƙarya take zargi ba, yawa ne: abu ya yi daɗi har ya ginshe ka. Har turare mai hawa kai ana ce masa haka.

"Schmaltzy" daga harshen Yahudawan Turai, Yidish, ta shigo Turancin Amurka, asalinta narkakken kitsen kaza. Kiɗa da fina-finai ta fi bi, kuma tana da sauƙi, mutum kan faɗe ta ga waƙar da yake so a ɓoye.

"Soppy" ta Ingila da "sappy" ta Amurka na hira ne da tsokanar abokai. Kada su shiga takardar jarrabawa ko wasiƙar ofis.