Kallon tsuntsayen ruwa a fadamar Rima

Mu a Sakkwato ba mu da bakin teku, amma fadamar Rima, tafkin Kware da dam ɗin Goronyo sun ishe mu. Daga Oktoba zuwa Maris, ruwa na janyewa yana barin laka, sai tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da suka taso daga Turai su sauka cin tsutsa.

Ka isa wurin bayan sallar asuba, rana a bayanka. In ka fuskanci gabas, inuwa kawai za ka gani, ba launi. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42, wato mai ƙara girman abu sau takwas, ya wadatar. Wanda ya fi haka ƙarfi rawa yake a hannu, balle ranar hazo.

Zalɓe zai tsaya cik kamar sanda, belbela kuwa na bin shanu. Fitinannen shi ne zakaran ƙeƙuwa: da ka matso sai ya kwarma ihu, fadama duk ta watse. Don haka tsaya nesa, ka sa kaya masu launin ƙasa, ban da farar riga.

Kada ka shiga ruwa ba dogon takalmin roba, akwai tsargiya. Ka gaida masu lambu kafin ka ratsa gonar albasarsu.